Batirin Fiyanon Kaka

"Lafiya lau na kwana, sai dai yanzu da kika shigo ban san yadda wunin zai ƙare ba."

"Ashe ka gan ni. To ido ya warke ke nan, sai a fasa zuwa asibitin."

"Ba ganin ki na yi ba, ƙaurin dalma na ji. Duk zuri'ata babu mai warin ƙonanniyar waya sai ke."

Injiniya ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, ta ajiye jakar kayan aikinta, ta durƙusa ta ƙarasa gaisuwar yadda ya kamata. Shagon gyaran waya gare ta a bakin babban titi. Wannan tsohon kuwa kakanta ne na wajen uwa, shi ya laƙaba mata Injiniya tun tana 'yar shekara bakwai, ranar da ta warware masa rediyo ta kasa mayarwa. Sunan ya bi ta har kan allon shagonta.

Yana zaune a bakin gado, hannunsa ɗaya a kan fiyanon da ke bisa tebur kusa da taga, kamar mai jinya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kiɗa a gidan rediyo kafin ya yi ritaya. Yanzu yanar ido ta dusashe masa gani, kuma gobe da safe likita zai yi masa aiki a idon dama. Tun da aka sa ranar bai ambaci aikin da bakinsa ba. Abin da ya hana shi sakat, in ji shi, batirin fiyano ne.

"Ina saƙon?"

Ta zaro wata 'yar leda ta sa masa a tafin hannu. Ya shafa, ya juya, ya kai kusa da hanci.

"Batir na aike ki. Wannan ai maɓallin riga ne."

"Shi ne batirin. Shago huɗu na shiga kafin na sami mai ƙafafu, irin wanda ake liƙawa da dalma."

"Shago huɗu kika shiga kina gulma. Da kaza na aika, da ta dawo min da abin da ya fi wannan girma."

"Da ka aiki kazar, ta zo ta kwance maka shi da baki. Ni wayoyin mutane na baro suna jira na."

"Wayoyin da kike ƙarasawa. Ai na ji labari, duk wanda ya kawo miki waya mai tari, gawa yake komawa da ita."

"Su dai suna dawowa. Kai wa ya dawo neman kiɗanka? An ce ranar da ka yi ritaya karnukan unguwa suka fara samun barci."

"Baƙin ciki ne ya kwantar da su."

Ta yi dariya, amma idonta na kan fiyanon. Ta san shi tun kafin ta san baƙi. Ba irin na katako ba ne mai wayoyi a ciki. Akwatin ƙarfe ne mai launin ƙasa, mai nauyin tsiya, wanda da lissafi yake ƙera sauti. Kowane sauti lambobi ne sama da ɗari da arba'in, kuma duk ta wani ɗan gilashi ake ganinsu, mai layi biyu, bai kai tsawon yatsa ba, ko haske ba ya kawowa. Maɓalli guda ake turawa sama da ƙasa a canza lamba, ɗaya bayan ɗaya. Yawancin makaɗan da suka sayi irinsa a zamanin sun yi kwana biyu suna fama suka haƙura, suka zauna da sautukan da kamfani ya zuba musu. Kaka ya goge na kamfani kaf, ya gina nasa guda talatin da biyu a tsawon shekaru. Dukkansu kuma ɗan batir ɗaya ne ke riƙe da su a ƙwaƙwalwar na'urar. In ya mutu, ko aka raba shi da ita ko da na ƙiftawar ido ne, sun tafi.

Ta kunna, ya gaya mata madannan da za ta taɓa ta ga awon batirin. Ta sunkuya ta karanta.

"Biyu da ɗigo ɗaya."

"Makon jiya Ummanki ta karanta min biyu da ɗigo uku."

"To yau ɗaya ne."

"Sake dubawa. Idonki ne."

"A ɗakin nan wa yake da bakin maganar ido?"

Bai yi dariya ba. Yatsunsa suka shiga shafa gefen akwatin, inda fenti ya goge saboda shekarun da hannunsa ya yi yana hutawa a wurin. Ta yi sauri ta jawo jaka.

"Kwantar da hankalinka, Tsoho. Na zo da kwamfuta, mu jona ta da fiyanon mu kwashe sautukan kafin a taɓa komai."

"Ramin da ake jona wayar a bayansa ya ƙone tun shekarar da tsawa ta faɗa wa eriyar gidan rediyo."

"Ɗan akwatin ajiyarsa fa, wanda ake zurawa a nan?"

"Wani mawaƙi ya ara kafin a haife ki. Yana nan tafe da shi."

Duk da haka ta jona kwamfutar. Ta gwada sau uku, ta canza waya, ta hure ramin. Shiru, kamar ta jona ta da bango.

"Ba ka rubuta lambobin a wani wuri ba?"

Ya ƙwanƙwasa kansa da yatsa. "Suna nan."

"Wannan ai ya fi batirin rauni. To faɗo min lambar farko ta sauti na ɗaya."

Ya buɗe baki, ya rufe. "Ba na amsa tambayar yara."

"Lambobi fiye da dubu huɗu ne fa in an haɗa. In za mu kwafe su da hannu, sai mu yi mako. A bari a yi maka aikin, ka dawo, mu zauna a tsanake."

"Batirin zai jira ki ne? Ɗan uwanki ne?"

"Wataƙila ya kai mako."

"Wataƙila." Ya juya fuskarsa wajen taga. "Kin tuna Mai Ganga, wanda muka yi aiki tare? Shi ma cewa aka yi aikin minti ashirin ne. Ya shiga yana ganin hazo, ya fito yana ganin baƙi ƙirin. Yanzu jikokinsa ke gaya masa gari ya waye. Ni yau ina ganin madannan nan, ko da dishi-dishi ne, zan iya nuna miki wanne ne wanne. Gobe ban sani ba."

Ya faɗa da muryar wasa, amma muryar ta karye a ƙarshe. Injiniya ta dube shi. Duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa jin tsoro a bakin mutumin nan ba, kuma ta gane in ta lallashe shi zai ji kunya. Don haka ta ce:

"In ka makance ma ai ribarka ce, ka huta da ganin kanka a madubi."

"Madubin nan da ya tsage ranar da kika leƙa shi?"

"Zaɓi guda ɗaya mu kwafe. Sauran kuma zan maƙala wani batir na wucin gadi ya riƙe su yayin da nake canzawa. Babu abin da zai ɓace."

"Kin taɓa yi?"

"Sau ɗari."

Ba ta taɓa yi ba. Ta dai ga yadda ake yi, kuma a ka'ida babu wuya.

Kaka ya gyara zama ya ɗora hannu biyu a kan haƙoran fiyanon. Ya ce kafin ya zaɓa sai ya gaisa da su. Ya danna madannin sauti na uku, wani amo mai kama da gilashi da ruwa ya cika ɗakin, tas, babu ƙura ko kaɗan. Ya danna na tara, gurnani mai kauri ya sa cokalin da ke kan tebur rawa. Na goma sha biyu iska ce mai kaɗawa ta ƙarƙashin ƙofa, wadda ya gina don wasan kwaikwayon rediyo, ta taɓa sa Injiniya kwana a bayan Ummanta.

"Kin ji? Shekara arba'in, bai taɓa sauka daga kan murya ba. A zafi, a sanyi, a bayan mota. A sa ganga goma a ɗaki, wannan zai ratsa su ya fito. Naku na yanzu fa? Roba ce mai fitila."

"Namu na yanzu ba sa sa mutum furfura kafin ya sami sauti ɗaya."

"Shi ya sa duk kiɗanku iri ɗaya ne, kamar 'ya'yan kwaɗi."

Daga nan ya danna na goma sha bakwai. Ɗan gilashin ya rubuta BABA. Ya taɓa haƙori ɗaya tak.

Ƙararrawa ce. Tana da ɗan tsagu a murya, tana daɗewa tana lilo kafin ta mutu. Injiniya ta san labarin. Mahaifin Kaka shi ne mai kaɗa ƙararrawa a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa, kuma da sautinta Kaka ya riƙa tashi daga barci har ya girma. Aka rufe tashar, aka sayar da ƙararrawar a kayan ƙarfe, uban ya rasu. Wata huɗu Kaka ya yi yana tura ɗan maɓallin nan sama da ƙasa har ya dawo da ita.

"Wannan," in ji shi.

Ta yago takarda daga littafin shagonta, suka fara. Shi yana faɗa mata madannin da za ta taɓa, ita tana karantawa tana rubutawa. A cikin na'urar akwai wasu ɗakuna shida da ke haɗuwa su ba da sauti ɗaya, kowanne da nasa tarin lambobi, kuma sai an shiga kowanne daban. Wuyanta ya ƙage. Idonta ya fara ruwa saboda ƙurawa ɗan gilashin.

"Wanda ya ƙera abin nan ba ya son mutane."

"Yana son masu hankali. Ci gaba."

"Tamanin da bakwai. Sifili. Talatin da ɗaya. Tsoho, wannan lambar me take yi?"

"Ita kaɗai ba ta yin komai. Sai ta haɗu da ta ɗaki na biyu, su haɗu su ɓata ta ɗaki na ɗaya."

"Kamar danginka."

"Na wajen ubanki dai."

Ana cikin haka gwiwar hannunta ta goge ɗan maɓallin. Kaka ya taɓa haƙori don ya ji, sai wata ƙara ta fito kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Injiniya ta daskare, biro ya faɗi daga hannunta.

"Kar ki taɓa komai." Ya lalubi bayan akwatin ya kashe, ya ƙirga biyar, ya kunna. Ƙararrawar ta dawo. "Lamba ɗaya kika motsa. Ɗaya. Tunda ba ki danna ajiyewa ba, ya yafe miki. Ba kullum yake yafewa ba."

Umma ta shigo da shayi ta tarar da su kamar masu zaman makoki. Ta ajiye, ta dubi mahaifinta, ta ce, "Baba, ka dai tuna da gobe." Ya ce bai ji ba, kunnensa ya toshe da surutun 'yarta. Ta girgiza kai ta fita.

Rana ta karkata kafin su cika takardar gaba da baya. Injiniya ta zare fiyanon daga wuta, ta kwance sukurori, ta ɗaga murfin. Ƙurar shekaru ta tashi. A wani lungu ta tsinci ɗan kunne guda, na yara, mai jan dutse.

"Nawa ne wannan. Har duka na sha a kansa."

"Ashe tun kina ƙarama kike yi masa zagon ƙasa."

Ta ga batirin a tsakiyar koren faifan da ke ɗauke da kayan cikin na'urar, ya kumbura, wani farin gari ya taru a ƙafafunsa. Ta haɗa batirin wucin gadi da 'yan maƙalai biyu masu haƙora, ja da baƙi, ta kama su a inda ya kamata, ta gwada da mitar awon wuta sau biyu. Ta jona ƙarfen narka dalma. Da ta ɗaga shi sai ta ga bakin ƙarfen yana rawa. Hannun da ke liƙa abin da bai kai ƙwayar yashi ba a cikin waya kullum, yau shi ke rawa.

"Riƙe min tocila."

Ya riƙe. Hasken ya shiga yawo a kan faifan, daga nan zuwa can.

"Tsoho, haska min za ka yi ko kaɗa min fanka?"

"Hannuna lafiyarsa lau. Ɗakin ne ke motsi."

"Kama da hannu biyu."

"Ke ma kama naki da biyu. Ina jin ƙarar ƙarfen yana bugun faifan."

Ƙafar farko ta fita salin alin. Ta biyu ta ƙi. Tsohuwar dalmar ta yi tauri, ta ƙara zafi, ta ja a hankali, ta sake ja. Ƙafar ta fizgo gaba ɗaya, hannunta ya daki siririyar wayar, jan maƙalin ya suɓuce ya faɗi gefe da wata 'yar ƙara.

Numfashi biyu ba ta yi ba ta mayar da shi. Amma ta san abin da numfashi biyu yake nufi a wurin nan.

"Mene ne ya yi ƙara?"

"Haƙorinka ne ya faɗi."

"Haƙorana uku suna nan, yanzu na ƙirga su."

Ta goge wurin, ta zura sabon batirin, ta liƙa ƙafafunsa, dalmar ta kwanta sumul tana sheƙi. Aiki ne mai kyau, irin wanda a shago za ta ɗauki hotonsa. Ta rufe murfin tana ɗaure sukurorin a hankali fiye da yadda ake bukata, tana ta roƙon Allah a zuci ko akwai 'yar sauran wuta da ta riƙe ƙwaƙwalwar. Da sukurori suka ƙare babu sauran abin jinkiri. Ta jona, ta kunna.

"Awon batir?"

"Uku da ɗigo biyu."

Ya sauke ajiyar zuciya. "To danna sha bakwai. Me ya rubuta?"

Ta duba. A inda BABA yake, wasu alamomi ne birjik, kibiya, alamar tambaya, wani baƙin ɗigo, rabin harafi.

Kaka bai sake tambaya ba. Ya miƙa yatsa ya taɓa haƙorin. Wani siririn fito ya fito ya yanke. Ya danna na uku, shiru. Na tara, huci kamar tayar da ƙusa ta huda. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, tun daga na ɗaya har na talatin da biyu, bai tsallake ko guda ba, ita kuma tana tsaye tana jin kowanne a cikinta. Da ya gama ya ɗauke hannunsa ya ɗora a cinya.

"Kaka," in ji ta. Rabon da ta kira shi haka har ta manta. "Maƙalin ne ya suɓuce. Ni na dake shi da hannuna. Kuma ƙarya na yi maka, ban taɓa yin irin wannan aikin ba."

Ya yi shiru. Fankar sama tana juyawa, wata mota ta wuce a titi. Ta durƙusa a gabansa, hawaye na zuba, tana kallon fuskarsa, tana tsoron kada hawan jininsa ya tashi, kada a ce gobe ba za a iya aikin ba, kada wani abu ya same shi a dalilinta. Ta fi son ya zage ta. Ta fi son ya ce ta fita.

Shirun ya yi tsawo har ta fara tunanin kiran Umma. Sai ya ce, a hankali:

"Takardar tana nan, ko ita ma kin kashe ta?"

"Tana nan."

"To share hancinki, kada ki ɗiga min a kan haƙora. Karanto."

Suka sake bin hanyar da suka bi da safe, wannan karon suna zubawa. Lamba ɗari da arba'in da wani abu, kowacce sai an tura ɗan maɓallin, ya wuce, a dawo da shi, ya sake wucewa. Babu mai tsokanar wani. Sai muryarta tana karanta lamba, da tasa yana cewa, "Na gaba." Da ta zuba ta ƙarshe ta janye hannunta kamar wadda ta taɓa wuta.

Ya taɓa haƙorin.

Ƙwal. Kamar an daki bokitin roba da cokali.

Ta dafe kai. Ta ɗauki takardar tana bin ta da yatsa, tana neman inda ta kuskure. Ɗayanta da bakwai ɗinta kusan iri ɗaya ne, kuma a ƙasan shafin shayi ya ɗiga ya narkar da layi biyu.

"Ban san wacce ce ba. Za ta iya zama kowacce."

"Dama rubutunki kamar tsaka ta faɗa tawada ta fito tana gudu. Ajiye takardar."

Ya matso, ya sa yatsa ɗaya a kan haƙorin, ya rufe ido, ya karkata kai. Ya taɓa. Ya sake taɓawa.

"Jikinta yana nan, wutsiyar ce babu. Shiga ɗaki na ɗaya, lamba ta huɗu. Nawa kika sa?"

"Saba'in da biyu."

"Sha biyu ne. Rage. Ci gaba da ragewa. Tsaya."

Sautin ya miƙe, ya daɗe, amma fayau, kamar ƙararrawar keke.

"Yanzu tsagun. Ɗaki na biyar. Ƙara kaɗan. Kin wuce, ya zama kwano. Koma baya biyu. Ɗaya. A'a, mayar."

Haka suka yi ta yi. Wani lokaci gyara ɗaya ya ɓata uku, su dawo baya. Sau ɗaya sautin ya koma kukan akuya, Kaka ya ce ga muryarta nan ya samo ba da niyya ba, ta ce ai shi ya yi renon akuyar. Inuwar taga ta tashi daga kan tebur ta hau bango. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Ɗaki na biyu, ta ƙarshe. Ƙara uku. Ɗauke hannunki."

Ya taɓa. Ƙararrawar ta tashi, da tsagunta, da lilonta, ta cika ɗakin ta fita ta taga. Suka saurare ta har ta mutu. Leɓensa na ƙasa ya ɗan motsa.

"Danna ajiyewa. Sau biyu zai tambaye ki, ki ce masa e duka biyun. In kika ce a'a, yau zan kwana a gidan yari."

Ta danna. Ta rubuta sunan harafi ɗaya-ɗaya. Umma ta leƙo daga ƙofa da tsumma a hannu ta ce, "Ashe an gyara, Alhamdulillahi," ta koma. Babu wanda ya gyara mata zance.

Injiniya ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar gado. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Tsoho, ka san tun da muka ajiye takardar idonka a rufe yake?"

Ya buɗe su. Ya ƙifta. Ya daɗe yana fuskantar fiyanon, sannan ya ce, "To me zan kalla a ɗakin nan? Fuskarki?"

"Na ce dai ka sani."

"Na ji." Ya shafa haɓarsa. "Saura talatin da ɗaya. Wasu na tuna su, wasu dama ba su da daɗi, kunya ce ta hana ni goge su. Duk ranar da ba ki buɗe shago ba, nan za ki zo. Ke ki karanta, ni in saurara. Ko likitan nan ya gyara, ko ya yi irin aikinki."

"Shekara nawa za mu yi?"

"Sai kin yi furfura. Hukuncinki ke nan." Ya juyo wajenta. "Ƙarfe nawa suka ce mu je goben?"

"Bakwai."

"Ki zo shida da rabi. Amma kada ki bari likitan ya san sana'arki, kar ya ce ki taya shi riƙe wani abu."

Dariya ta suɓuce mata tare da sauran hawayen. "Na sallama. Kunnenka ya fi kwamfutata, ya fi mitata, ya fi ni."

"Sake faɗa, kunnena ya toshe."

"Sau ɗaya ake faɗa."

Ya sunkuya ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, ya laluba, ya fito da abin sauraro na kunne, babba, irin na ɗakin watsa shirye-shirye, fatarsa duk ta tsattsage. Ya ɗora mata a ka a karkace.

"Ungo. Da shi na yi aikin shekara talatin da ɗaya. Ladan faɗin gaskiya ne, ba ladan gyara ba."

Ta cire ta juya shi, ta ja wayarsa, ta leƙa ciki.

"Tsoho, kunne ɗaya ya mutu fa."

"Na sani. Shi ya sa na ba ki, rabin aikin an riga an yi miki."

Ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, ta tashi tana bubbuga masa baya.